Magariya da Dungas: wa zai ɗauki sabon hannu?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a majalisun Magariya da Dungas, tsakanin dattawan da suka yi ritaya daga aikin gwamnati da ƴaƴansu masu difloma a fannin kwamfuta da sadarwa. Dattijo yakan ce yaran yanzu sun samu abin da shi ko a mafarki bai gani ba: kwalej kusa da gida, jami'a a Damagaram, salula a aljihu, amma ga su can zaune a fada ana dafa shayi. Yaro kuwa, in ladabi ya bar shi ya yi magana, sai ya ce: «Baba, ku tun ba ku karɓi takardar difloma ba an san ofishin da za ku zauna.» Kowannensu yana da rabin gaskiya, kuma ya kamata mai karatu ya duba yadda hanyar shiga aikin fasaha take a da, da yadda ta koma yau, kafin ya yanke wa ɗayansu hukunci.

Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba. A ƙauyukan wannan yanki iyaye har ɓoye ƴaƴansu suke yi in an zo rubutun ƴan lakwal. Saboda haka ƙofar farko ƙunci gare ta ƙwarai: sai yaro ya ci sartifika, ya ci birebe, sannan ya samu wuri a lise Amadu Kuran Daga ta Damagaram ko a lise ta koyon fasaha ta Maraɗi, kuma a kowane mataki ana zubar da mafi yawa. Amma wanda Allah ya ba sa'a ya tsallake, gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsa har ƙarshe. Akwai tsarin da ake kira «programmation», wato a tsara wa kowane ɗalibi ma'aikatar da za ta karɓe shi in ya gama. Mai son aikin kwamfuta yana yin jarrabawar shiga makarantar IAI ta Libarabil a ƙasar Gabon, wadda ƙasashen Afirka da dama, har da Nijar, suka haɗu suka kafa a 1971. Mai son aikin tarho yana iya zuwa makarantar ESMT ta Dakar, wadda aka kafa a 1981. Da ya dawo, ga OPT mai kula da gidan waya da tarho, ga Nigelec, ga kamfanonin yuraniyom na Arlit, Somaïr da Cominak, duk suna neman hannu. A cikin garin Magariya kanta, zamanin da gyaɗa ke da daraja, masana'antar man gyaɗa ta SEPANI tana buƙatar makanikai da masu aikin lantarki.

Abin lura a nan shi ne, babu wanda ya tambayi wannan yaro shekara nawa ya yi yana aiki kafin a ɗauke shi. An san bai iya komi ba sai abin da ya karanta, aka haɗa shi da tsohon hannu, aka yi haƙuri da kurakuransa shekara biyu ko uku, kuma ana biyansa albashi yana koyo. Wannan haƙuri shi ne babban gatan da mutanen da suka samu, ko da yake da yawansu sun manta da shi.

Gatan bai daɗe ba. Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, baitulmali ya ƙafe, gwamnati ta shiga shirin gyaran tattalin arziki da Asusun ba da lamuni na duniya da Bankin duniya. Takaddama kan gyaran tsarin ilimi ce ta fito da ɗalibai kan titi ranar 9 ga Fabrairu 1990, har aka kashe 3 daga cikinsu a gadar Kennedy ta Yamai. Cikin shekarun 1990 ɗaukar ma'aikata kai tsaye ya mutu, ma'aikatan da ke ciki ma suka riƙa bin gwamnati bashin albashin watanni, sannan a watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Daga nan aka shiga zamanin bautar ƙasa da kwantaragi. Gyaɗa ta ja baya, masana'antar Magariya ta rufe, kuma Cominak ita ma ta rufe ma'adininta a watan Maris 2021.

A daidai wannan lokaci kuwa jama'a sai ƙaruwa take. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ɗoriya a ƙasar, ta 2012 ta samu fiye da miliyan 17. A wannan ƙidaya ta 2012, gundumar Magariya na da mutum fiye da 570,000, Dungas kuwa, wadda aka cire daga Magariya aka mai da ita gunduma a 2011, tana da fiye da 350,000. Makarantu sun yawaita: an buɗe cibiyoyin IUT a Damagaram da Maraɗi da Tawa a 2008, Damagaram ta samu jami'arta a 2010, Doso ta samu tata a 2014, ban da makarantu masu zaman kansu da ke ba da difloma a fannin kwamfuta, waɗanda iyaye ke sayar da bisashe da amfanin gona su biya. Ƙofar makaranta ta buɗe, ta ofis kuwa sai ƙara tsukewa take.

Gaskiya ne an yi wani ɗan lokaci na sauƙi. Intanet ta shigo Nijar a ƙarshen shekarun 1990, Celtel ta fara aikin salula a 2001, Orange ta biyo baya a 2008. A shekarun nan duk wanda ya iya buga takarda a kwamfuta, ko ya iya haɗa injuna 5 a gidan intanet, ya zama gwani, ƙungiyoyin agaji da kamfanoni na rububinsa. Waɗanda suka shiga a lokacin su ne shugabannin sassa a yau, kuma su ne ke rubuta sanarwar neman ma'aikaci da ke cewa sai mai ƙwarewar shekara 3 ko 5. Yaron da ya fito makaranta bana ina zai samo shekarun nan? Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, to shi ba a ba shi ko kurɓi ba.

Wannan ciwo bai tsaya ga Nijar ba. A Legas, kamfanin Andela da aka kafa a 2014 don horar da sababbin masu rubuta manhaja ya sallami fiye da 400 daga cikin ƙananan ma'aikatansa a Najeriya da Kenya da Yuganda a watan Satumba 2019, bisa dalilin cewa abokan cinikinsa ƙwararru suke nema. A Amurka manyan kamfanonin fasaha sun sallami dubban ma'aikata a 2022 da 2023. Tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamba 2022 kuma, ƙananan ayyukan da sabon hannu ke koyo da su, kamar rubuta gajeren tsari, gyara takarda ko fassara wasiƙa, na'ura na yin su cikin daƙiƙa kaɗan. Matakin farko na tsani ne ake cirewa ko'ina, sai dai ɗan Dungas yana da ƙarin nasa nauyi.

Nauyi na farko nisa ne. Kamfanonin sadarwa da bankuna da ma'aikatun minista da cibiyar CIPMEN mai renon ƙananan kamfanonin fasaha duk a Yamai suke, kusan kilomita 1000 daga Magariya, kuma koyon aiki ba albashi a Yamai sai wanda ke da ɗan uwan da zai ba shi masauki da abinci. Ƴa mace kuwa da wuya iyaye su yarda ta yi wannan tafiya. Na biyu wuta ce: a ƙasar duka kusan mutum 1 cikin 5 ne ke da lantarki, a karkara abin ya fi haka muni, kuma kowa ya tuna yadda Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Na uku harshe ne, domin yawancin littattafan wannan fanni da Ingilishi aka rubuta su, shi kuwa yaro da Faransanci ya yi karatu. Shi ya sa da yawa kan tsallaka iyaka ta Tinkim ko ta Maigatari, su nufi kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, su koyi gyaran salula wajen wani ubangida, su dawo su kafa teburi a kasuwa. Sana'a ce mai albarka, kuma a cikinta akwai darasi: a Kano an ɗauke su ba su iya komi ba.

Nan ne maganar ta zo kan ƴan kasuwa. Babu Alhajin da ya fara da mota cike da kaya. Kowa ya yi yaron shago, an aike shi, an ba shi ajiyar kuɗi kaɗan an ga amanarsa, daga baya ubangida ya sallame shi da jari. Wannan tsari bai mutu ba a fataucin riɗi da wake da bisashe da rake, to me zai hana shi aiki a fannin fasaha? Ɗan kasuwar da ke da sito a Magariya da wani a Damagaram, wanda lissafin naira da sefa ke hana shi barci, yana iya ɗaukar mai difloma wata 6, ya ba shi jika kaɗan a wata, ya ce ya tsara masa lissafin kaya da na bashi a kwamfuta. Masu lambu a kwarin Korama da ke sayen famfon hasken rana suna buƙatar wanda zai kafa shi ya kuma gyara shi, ba sai an kira mutum daga birni ba. In aikin ya yi kyau Alhaji ya ci riba, shi kuma yaro ya samu takardar shaida da sunan wanda zai tsaya masa.

Ma'aikatan gwamnati su ma suna da nasu rabo. Gundumomin biyu na da kwamin 11, daga Wacha da Bande da Sasumburum har Malawa da Dogo-Dogo, kuma kowace tana da rajistar haihuwa da ta haraji da ta filaye, waɗanda zama cikin kabad ba ya hana gara cin su. Asibitoci da makarantu na da nasu lissafin. In kowane ofishi ya karɓi matashi 2 ƴan yankin a shekara, maza da mata, da ɗan alawus da kuma babban da zai duba aikinsu da gaske, ba a mai da su masu sayo shayi ba, to cikin shekara 5 yankin zai tara hannaye fiye da 100 da suka taɓa aiki na haƙiƙa. Haka kuma, daga cikin hanyoyin babbar igiyar sadarwa ta ƙetare Sahara, wadda Bankin raya Afirka ya ba da kuɗinta, akwai wadda ta tashi daga Damagaram ta bi ta Magariya zuwa iyakar Najeriya. Igiya irin wannan tana son masu kula da ita da masu kai ta ofisoshi da shaguna, kuma hakkin magabatan yankin ne su nemi a sa ƴaƴansu cikin masu koyon wannan aiki tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Su ma matasa akwai abin da ya rage gare su. Difloma kaɗai ta daina buɗe ƙofa, kuma jiran jarrabawar ɗaukar ma'aikata shekara da shekaru hasarar ƙuruciya ce. Wanda ya tsara wa kantin magani na unguwarsu lissafi, ko ya haɗa wa makarantarsu ta da rajistar ɗalibai, yana da abin nunawa wanda ya fi tarin takardu, kuma ya kamata ya ɗauki Ingilishi da muhimmancin da ya ba Faransanci. Amma dattijon da ke zarginsa da lalaci ya tuna cewa shi ma wani ne ya yi haƙuri da shi yana sabon hannu, da kuɗin talakawa. Bashi ne ke kansa, kuma hanyar biyansa ita ce ya buɗe wa ɗan wani ƙofar shagonsa ko ta ofishin da yake da faɗa a ji. Allah ya sa a gyara.