Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Gurbin Naƙasassu a Horar da Jami'an Walwala a Kano

Tun kafin a fara koyar da aikin walwalar jama'a a manyan makarantu, birnin Kano yana da tsarin da naƙasassu ke magana da bakinsu. Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu su ne ke sasanta rikicin mabiyansu, su kai kukansu fada. Abin mamaki shi ne, ɗalibin da ake horarwa domin ya yi wa waɗannan mutane hidima yakan san su ne a matsayin abin nazari, da wuya ya zauna gabansu ɗaukar darasi.

Lokacin gyara wannan ya yi. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar haramta nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-gine yadda za su iya shiga. A 2022 kuma aka kafa majalisar kula da sana'ar aikin walwala ta ƙasa bisa doka. Amma doka ba ta koya wa jami'i yadda ake shigar da keken guragu lungun da kwata ta raba biyu a Yakasai ko Dala. Mai keken ne ya sani. Haka nan ɗan jagora ne ya san darasi nawa ya rasa a makaranta saboda rakiyar mahaifinsa, uwa ce kuma ta san nauyin goyon yaron da ya wuce shekarun goyo.

A Ingila, tun 2003 aka wajabta sa masu cin gajiyar hidimar da masu kula da su cikin zaɓen ɗalibai da koyarwa da tantancewa a digirin wannan fanni. Kano ba ta buƙatar kwaikwayo ido rufe, domin tana da nata misalin. Waɗanda shan inna ya naƙasa sun shiga gangamin riga-kafi bayan ƙauracewar 2003, kuma ganinsu a ƙofar gida ya shawo kan iyayen da bayanin ma'aikata bai gamsar ba.

Masana Hausa na da ruwa da tsaki a nan. Jami'in da zai yi aiki a cikin ganuwa da Hausa zai yi shi, alhali da Turanci aka horar da shi. Wace kalma zai yi amfani da ita: musaki, naƙasasshe, ko mai buƙata ta musamman? Masu abin ya kamata a tambaya. Haka maganar hannu, wadda Constanze Schmaling ta bayyana tsarinta a littafinta na 2000 bisa binciken da ta yi a Kano, kurame ne malamanta na asali. Sassan Hausa sun daɗe suna nazarin waƙoƙin Aliyu Namangi na Zariya, wanda makaho ne, don haka karɓar ilimi daga naƙasasshe ba baƙon abu ba ne a gare su.

Sai dai a yi hattara. Gayyatar sarki ɗaya ranar taro, a ba shi kuɗin mota, ado ne kawai. Sarakunan ba su cika wakiltar matan da ke cikin gida ko masu lalurar ƙwaƙwalwa ba, kuma maganar iyali ba kullum take zama maganar naƙasasshen ba. Abin da ya dace shi ne a ba su sa'o'i a jadawalin karatu, a biya su ladan koyarwa kamar kowane malami, a kuma ji ra'ayinsu kafin a ce ɗalibi ya ci jarrabawar aikin fage. Jami'in da ya fara zama ɗalibin makaho, da wuya ya shiga gidansa yana yi wa ɗan jagora magana, mai gidan yana zaune.