Farashin Masara Daga Ganye Yake Farawa

'Yan'uwa fatake da dillalan hatsi na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, muna jan hankalinku a kan cutar tsatsa, wadda ke kama ganyen masara da dawa da gero da alkama. Alamarta ƙuraje ne ƙanana ja-ja a ganye. In ka goga farin ƙyalle sai ya ɗebo gari kamar tsatsar ƙarfe. Wannan gari shi ne irin cutar, iska ke kwasarsa daga gona zuwa gona, har daga ƙasa zuwa ƙasa.

Kada a ce wannan zancen manomi ne. Ganye shi ke ciyar da ƙwaya. In ya bushe kafin lokaci, ƙwaya ba ta cika. Mudu zai cika a ido, buhu ya tsaya ƙyam, amma ran da ka kai wa masu abincin kaji suka ɗora a sikeli, nan za ka ga faɗuwa. Wanda kuwa ya ba da falle da damina, kuɗinsa na cikin ganyen nan.

An taɓa ganin aikinta. A 1949 wata tsatsar masara ta ɓulla a Saliyo, ta bi iska ta shigo Nijeriya, a wasu wurare ta ci wajen rabin amfani. Ta alkama kuma da ake kira Ug99, a Yuganda aka gano ta a 1998, zuwa 2007 ta isa Iran. Habasha ta sha wuya da wata tsatsar alkama a 2013, yau kuwa suna da masu duba gonaki da masu lura da iska, ana aika wa manoma gargaɗi ta waya.

To mu fa, wa zai duba mana? Malaman gona na KTARDA kaɗan ne, ga rashin tsaro ya hana shiga ƙauyuka da yawa. Amma ɗan kasuwa kullum yana tare da mutanen ƙauye da direbobi. Saboda haka ga shawararmu.

Na ɗaya, daga Agusta, in za ka tambayi farashi ka tambayi lafiyar ganye, musamman masarar da aka shuka a makare. Na biyu, iskar damina daga kudu take zuwa, don haka a kasa kunne ga labarin Birnin Gwari da Giwa. Na uku, wanda ya ga alama ya ɗauki hoto ya kai wa malamin gona, a isar da shi cibiyar bincike ta Samaru. Feshin da aka yi da wuri shi ke ceton gona. Na huɗu, masu sayar da iri su nemi wanda ke jure cutar.

Sai gargaɗi. Tsatsa ba ta bin buhu, ba ta sa wa hatsi guba. Duk wanda ya riƙe ta makami don karya wa manomi farashi, ko ya baza jita-jita don ya ɓoye kaya, ya ji tsoron Allah.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Allah ya ba mu damina mai albarka da ciniki na halal.