Mari ba magani ba ne

Ƴan'uwa, a Tamaske kowa ya san gidan da tramol ya shiga. Yaro ya tafi bida ko ya kama kabu-kabu, ya fara sha don ya jure wahala, ƙarshe ƙwaya ta mallake shi. Mu kuma me muke yi? Zagi, duka, mari a ƙafa.

Tramol dangin ofiyom ne. Wanda jikinsa ya saba, in ya daina kwatsam, sai zufa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Ciwo ne, jama'a! Mujallar likitoci JAMA ta nuna a 2000 cewa kashi 40 zuwa 60 na waɗanda aka yi wa magani suna komawa sha, kusan yadda hawan jini ke dawowa. Wa ya taɓa ɗaure mai hawan jini don jininsa ya sake hawa?

Bincike ya nuna wanda ya daure da jinya wata 3 ko fiye ya fi samun sauƙi. Wanda aka kunyata kuwa, ba ya sake leƙo likita.

Pavillon E na Yamai ya fi kilomita 500 daga nan. A horar da ma'aikatan CSI na Keita, Buza da Madawa, su karɓi ƙannenmu cikin sirri. Mu kuma mu raka su.