REDIYON KADUNA NA WANE NE?

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, kullum muna jin Rediyon Kaduna a rumfa da gona da tashar mota, amma mun taɓa tambaya ko na wane ne?

Tun 1944 aka kawo rediyon waya Kano, watau akwatin da ake ja wa waya har gida, mutum ya biya haya, ya ji abin da hukuma ta zaɓa masa. Ba ya iya murɗawa zuwa wata tasha, balle ya mayar da magana. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta haɗa jari da kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI, aka buɗe gidan rediyo da talabijin a Kaduna. Rabon gwamnati daga ina ya fito? Daga haraji da jangali da ribar gyaɗa da auduga. Amma da aka gama gini sai masu mulki suka riƙe bakin magana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! A 1978 Gwamnatin Tarayya ta karɓe gidan. Ubangida ya sake, talaka yana nan inda yake.

To, me ya ba gidan nan suna? Injinansa na Jaji. Akwai matsakaicin zango, 594, wanda ke bin ƙasa, ya ƙara nisa da dare. A da akwai kuma gajeren zango, 6090, watau mita 49, wanda ke tashi sama, ya bugi wani rufin iska da Allah ya shimfiɗa can, ya komo ƙasa nesa ƙwarai. Da shi ne makiyayi a daji da fatake a Maraɗi da Kumasi suka san muryar Kaduna da batir biyu kacal.

Yau wasu masu manyan riguna suna cewa zamanin wannan ya wuce, wai ga FM, ga wayar hannu. Ƙarya ce! FM miƙewa yake kamar hasken tocila, tudu ya tare shi, nisa ya cinye shi. Waya kuwa sai da kati da caji. Mutumin ƙauyen da ba lantarki fa? Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana ke nan.

Za su ce mana ai tun dokar 1992 aka yarda 'yan kasuwa su buɗe tashoshi. Gaskiya ne, mun kuwa yi murna. Amma a can fili na sayarwa ne, mai kuɗi ya sayi awa guda, sojojin bakinsa su yi ta zuba. Mai sayar da tumatir a ina za ta sami kuɗin minti biyar?

Saboda haka ga abin da muke nema, ba roƙo muke yi ba. Na ɗaya, a kula da manyan injinan nan, a bayyana wa jama'a abin da aka kashe a kansu. Na biyu, shiri irin Hannu Da Yawa kada ya zama zauren manya kaɗai, a zaunar da manomi da ɗan tireda, mai mulki ya bugo waya ya jira layi. Na uku, a raba lokaci daidai tsakanin jam'iyyu.

Ku tayar da maganar nan a taron reshe da na ƙungiyar kasuwa. Mu muka biya, lalle a ji mu. Mai kunne ya ji!