Waiwaye: Kusan Ƙarni Guda Ana Auna Cimarmu, Kowa da Mudunsa

A shekarun 1929 da 1930 mujallar likitocin Afirka ta Yamma ta buga dogon rahoton wani likitan gwamnatin mulkin mallaka, W. E. McCulloch, a kan cimar Hausawa da Fulanin gida. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani likitan, B. M. Nicol, ya bi manoman Bida da Kontagora da Zuru, ya fitar da nasa sakamakon a 1949. Daga Mayun 1970 zuwa Yulin 1971 Emmy Simmons ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta shiga gidaje a Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau, tana lissafin abin da ake ci. Tsakanin 2001 da 2003 cibiyar IITA ta Ibadan ta jagoranci binciken cima a jihohi 12 na Nijeriya. Sai aka yi shiru na kusan shekara ashirin kafin a sake wani na ƙasa baki ɗaya a 2021.

Duk waɗannan ayyuka ne na masana, kuma kowanne ya amfanar a zamaninsa. Amma a jera rahotannin a kan tebur, a yi musu tambaya guda: shin matar manomi ta yau ta fi kakarta cin abinci mai gina jiki? Babu amsar da za a iya dafawa a kai. Wani mai bincike, abin da ya shiga tukunyar gida ya auna, wani kwanon mutum guda, wani kuwa abin da aka tuna aka faɗa masa ya rubuta. Wannan ya zo da kaka rumbu cike, wancan ya zo da damina ana ta lallaɓa ragowar hatsi. Jadawalin da aka yi amfani da shi wajen juya tuwo da miya zuwa kalori da furotin ma ya sha bamban. Duk wanda ya taɓa awon hatsi ya san cewa mudun wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba, kuma wanda ya saya da ɗaya ya sayar da ɗaya ba zai san riba ya ci ko faɗuwa ya yi ba. Halin da alƙaluman cimarmu suka daɗe a ciki ke nan.

Ta hanya uku ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ke samun alƙaluman abinci. Ta farko ita ce lissafin wadatar abinci da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ke fitarwa, wanda jerinsa ya faro daga 1961. Ana haɗa abin da aka noma da abin da aka shigo da shi, a cire na fitarwa da iri da abincin dabbobi da wanda ya lalace, a raba saura ga yawan jama'a. Wannan lissafi ya san buhu nawa ke ƙasa, amma bai san gidan da buhun ya shiga ba. Ta biyu ita ce binciken kashe kuɗin gidaje da hukumomin ƙididdiga ke yi. Shi ya kai ƙofar gida, sai dai bai san yadda aka raba tuwon tsakanin maigida da mai goyo da yaron da aka yaye ba. Ta uku ita ce a zauna da mutum a tambaye shi duk abin da ya ci ya sha cikin sa'o'i 24 da suka wuce, har da yawansa. Ita ta fi kusa da gaskiya, ita ce kuma ta fi tsada da cin lokaci, shi ya sa ƙasashe da yawa kan shekara goma ko ashirin ba su yi ta ba.

Wani zai ce ai bambancin hanya ba zai canza sakamako sosai ba. An gwada a Tanzaniya a 2007 da 2008. Masu bincike tare da Bankin Duniya sun raba gidaje wajen 4,000 zuwa rukuni takwas ta hanyar ƙuri'a, kowane rukuni da irin tambayarsa: wasu dogon jerin abinci, wasu gajere, wasu su tuna mako guda, wasu mako biyu, wasu su riƙa rubutawa kullum. Ƙauyuka ɗaya, lokaci ɗaya, amma adadin masu fama da yunwa ya tashi daga kashi 19 cikin ɗari a wata hanyar zuwa kashi 68 a wata. A nan gida ma, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da sakamakon binciken rayuwar gidaje na 2018 zuwa 2019, wanda ya sa talauci a kashi 40 cikin ɗari, sai da ta yi gargaɗin kada a gwama shi da na 2009 zuwa 2010, domin an sauya yadda ake tambayar abinci.

Hanya ta ukun nan an ƙirƙiro ta ne a ƙasashen da kowa ke ci a farantinsa, abincin kuma yawanci daga shago yake, da nauyinsa rubuce a jikin kwali. Mu kuwa yara huɗu ne a kan kwano guda. Uwa za ta iya cewa ta kwashe malmala shida, amma loma nawa autanta ya samu kafin yayyensa su share kwanon? Malmalar wannan gida ta ninka ta maƙwabta. Miyar kuka ta gidan da aka yi cefane da nama da wake daban take da ta gidan da aka kaɗa ta da daddawa da gishiri kawai, alhali sunansu ɗaya a takarda. Furar da aka dama da kindirmo da wadda aka tsinka da ruwa duk fura ce. Sannan ga abin da ake ci a waje: ƙosai da koko da safe, ɗanwake, awara, ƙuli-ƙuli, dafaffiyar gyaɗa. Simmons ta nuna tun a wancan lokaci irin muhimmancin abincin sayarwa da matan kulle ke yi a cimar ƙauyukan Zazzau. Yaro kuma ya wuni yana tsinkar magarya da kanya da goruba, ba wanda ya lissafa masa.

Akwai kuma abin da ya shafi mutunci. Matar da ba ta ɗora tukunya jiya ba za ta ji nauyin faɗa wa baƙo, sai ta ce an ci tuwo. Wata kuma, in ta zaci rajistar tallafi ake yi, sai ta ɓoye naman da aka ci. Ranar kasuwa, ranar suna, watan azumi da makon babbar salla duk suna karkatar da amsa. Idan ba a yi yarjejeniya kan yadda za a bi da waɗannan ba, kowane mai tambaya zai yanke hukuncinsa a zaure, kuma alƙaluman da za su fito na masu tambayar ne fiye da na masu amsawa.

Masana ba su naɗe hannu ba. Rosalind Gibson da Elaine Ferguson, daga aikin da suka yi a karkarar Afirka, sun fitar da jagora a 1999 mai sauƙin dabara: a je gidan tun kafin ranar, a ba mutum kwanonsa shi kaɗai, a ba shi takarda mai hotunan abinci ya riƙa sa alama, washegari kuma a zo da samfurin tuwo ya ɗebi kwatankwacin abin da ya ci a ɗora a sikeli. A ɓangaren jadawalin sinadaran abinci, Afirka ta daɗe tana jingine da wanda FAO ta buga a 1968. Sai a 2012 aka samu na Afirka ta Yamma, aka faɗaɗa shi a 2019 zuwa abinci fiye da 1,000. Nijeriya ta fitar da nata a 2017. Kafin nan mai bincike kan aro alƙaluman alayyahon wata nahiya ya ɗora wa ramarmu da yakuwarmu.

Awo marar kyau yana da tsada, kuma tarihi ya nuna hakan. A shekarun 1950 da 1960 hukumomin duniya sun tsaya kai da fata cewa babbar matsalar yaran ƙasashe matalauta ƙarancin furotin ce. Aka zuba kuɗi wajen ƙera garin kifi da wasu haɗe-haɗen masana'anta. Daga baya aka gane an kumbura adadin furotin da yaro ke buƙata, kuma yawancin yaran abincin ne gaba ɗaya bai ishe su ba. A 1974 Donald McLaren ya rubuta maƙalar da ta fallasa wannan kuskure a mujallar Lancet. Shekaru sun tafi a kan amsar da ba daidai ba.

Ga wani misali da ke gabanmu. Tun 2002 doka ta wajabta ƙara bitamin A a fulawa da garin masara da sukari da man girki na masana'anta a Nijeriya. Manufa ce mai kyau. To amma gidan da ke kai gero da dawa inji, yake sayen man gyaɗa wurin mai ƙuli-ƙuli, nawa ne ke isa gare shi? Yanzu hankali ya koma kan dunƙulen ɗanɗano, tunda kusan kowace tukunya na ganinsa. Sai dai kafin a san yawan sinadarin da za a zuba a ciki, dole a san giram nawa mace ke ci a rana a Jigawa, nawa a Legas, kuma gishiri nawa ke biyo shi. In aka yi kirdado, ko dai a zuba abin da bai kai ya yi amfani ba, ko a wuce kima.

Abin lura shi ne, a ɓangaren awon jikin yara an riga an warware wannan matsala. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin girman yara guda ɗaya, wanda aka gina daga yaran Brazil da Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka. Tef ɗin awon damtse kuwa, ko a Maraɗi ko a Gusau, ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani. Saboda haka ne muke iya cewa da ƙarfin gwiwa tsumburewar yara a Nijeriya ta tsaya a kashi 37 cikin ɗari a 2013 da 2018, ta hau zuwa kashi 40 a binciken 2023 zuwa 2024, kuma Arewa maso Yamma ta kai kashi 57 a 2018. Mun san yaran ba sa girma yadda ya kamata. Abin da ke cikin kwanonsu shekara bayan shekara ne ba mu da irin wannan jeri a kansa.

An fara cike giɓin. A 2014 masana suka amince da ma'auni mai sauƙi ga mata 'yan shekara 15 zuwa 49: rukunin abinci goma, a tambayi mace nawa ta ci jiya, biyar ne mafi ƙaranci. Rukunan su ne hatsi da su rogo da doya, wake, gyaɗa da riɗi, nono, nama da kifi, ƙwai, ganye mai duhun kore kamar zogale, kayan lambu da 'ya'yan itace masu bitamin A kamar karas da kabewa da mangwaro, sauran kayan lambu, sauran 'ya'yan itace. Abin da bai kai giram 15 ba, kamar ɗan barbaɗen daddawa, ba ya shiga lissafi. Ga yara 'yan wata 6 zuwa 23 kuma, rukuni biyar ake nema cikin takwas, har da nonon uwa. An kuma samar da takardar tambayoyi mai rukuni 29 da ake gamawa cikin minti biyar, wadda aka daidaita da abincin ƙasashe fiye da 100: tsarin tambaya ɗaya ne ko'ina, sunayen abincin ne na gida. A Maris 2025 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya wannan ma'auni na mata da yara cikin ma'aunan muradun ci gaba mai ɗorewa.

Wannan ci gaba ne, amma kada mu ɗauke shi fiye da matsayinsa. Ƙidayar rukuni ba ta faɗin yawa, don haka ba za ta maye gurbin babban bincike irin na 2021 ba, wanda ya haɗa tambayar sa'o'i 24 da gwajin jini. Shi kuma babban binciken, cikakken rahotonsa bai fito ba sai 2024, bayan cire tallafin mai da tashin farashi sun riga sun sauya cefanen gidaje. Ko ma'aunin mai sauƙi yana da tarko: gwajin da aka yi a Habasha da Zambiya da Kambodiya ya nuna karanta wa mace jerin abinci da barinta ta zayyano da kanta ba sa ba da sakamako ɗaya. Ma'aunin yara ma a da rukuni huɗu ne cikin bakwai, saboda haka wanda ya gwama tsohon adadi da sabo ba tare da sake lissafi ba zai ruɗi kansa ya ruɗi jama'a.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake. Ƙwarewar mai bincike ɗaya ba ta wadatar ba, in na bayansa zai zo da sabuwar hanya. Abin da ke sa alƙaluma su yi magana shi ne a yi tambaya ɗaya, da kalmomi ɗaya, a wata ɗaya na shekara, a kuma maimaita. Wannan aiki ne na hukuma mai ɗorewa da kasafin kuɗi na gida, domin binciken da ke jiran mai ba da agaji yakan zo da hanyar mai ba da agajin, ya kuma tsaya ranar da kuɗinsa ya ƙare.

Don haka kirana ga ma'aikatun lafiya da hukumomin ƙididdiga na jihohinmu da na Nijar: a sanya gajerun tambayoyin nan cikin binciken da ake yi duk shekara, sau ɗaya da kaka, sau ɗaya da damina, a kuma tsayar da fassarar Hausa guda da kowa zai riƙa karantawa ba ƙari ba ragi. Jami'o'inmu su auna malmala da ludayi da haɗin miyar kowane yanki, su ajiye a inda kowa zai samu. Gwamnatin tarayya ta sa wa babban bincike wa'adi a doka. Mu kuma 'yan jarida, duk wanda ya kawo mana adadi kan yunwa ko cima, mu tambaye shi hanyar da ya bi da watan da ya yi awon kafin mu buga.