Sharhi: Mai sayen gida da kuɗi hannu, gaggawarka yake saye

Shekaru goma da ƴan kai ke nan da wani salon cinikin gidaje ya ɓullo a ƙasar Amurka. Mai gida zai shiga intanet, ya rubuta inda gidansa yake, da yawan ɗakuna, da shekarar da aka gina shi. Kwana ɗaya ko biyu sai kamfani ya aiko masa da tayi. Idan ya sallama, shi zai zaɓi ranar biya, daga mako biyu zuwa wata biyu, kuɗinsa su faɗa banki gaba ɗaya. Babu dillali, babu masu zuwa kallon gida safe da yamma, babu mai cewa sai ya samo bashi tukuna. Kamfanin Opendoor ne ya fara a shekarar 2014, Offerpad ya biyo baya a 2015, sannan a 2018 Zillow, babban dandalin tallar gidaje na ƙasar, shi ma ya shigo.

Ga wanda bashi ya shaƙe, ko wanda aiki ya mayar wani gari, ko magadan da ke nesa da gidan da aka bar musu, wannan sauƙi ne na gaske, kuma ba mu musanta ba. Abin da muke so ƴan kasuwarmu maza da mata su lura da shi shi ne kuɗin da ake biya domin wannan sauƙi, tun da ba a rubuta shi da manyan baƙaƙe a cikin talla.

Kamfanin dai ɗan sari ne. Yana saye ne domin ya sayar, kuma ribarsa daga aljihun mai gida take fita ta ƙofa uku. Ta farko, tayin da kwamfutarsa ke yankewa yakan zo ƙasa da abin da gidan zai yi a kasuwa. Ta biyu, yana cire ladan aiki, wajen kashi 5 cikin 100, kusan daidai da la'adar dillalan da aka ce an guje musu. Ta uku, bayan mai gida ya sa rai da kuɗi, sai a turo masu duba gini, su lissafa gyaran rufi da fenti da famfo, a zabtare shi daga cikin tayin.

Bari mu yi misali da kuɗinmu. A ce gida zai yi miliyan 20 na sefa. Mai kuɗi hannu ya taya miliyan 19, ya cire jika 950 na ladan aiki, ya cire miliyan 1 na gyara. Abin da ya shiga hannun mai gida miliyan 17 ne da jika 50. Da ya jira wata uku ya sayar miliyan 20, ya ba dillali miliyan 1, da ya tashi da 19. Wato kusan miliyan 2 ya biya domin kada ya jira wata uku. Mai yiwuwa matsalarsa ta kai haka, mai yiwuwa kuma ba ta kai ba. Laifin shi ne a sa hannu ba a yi wannan lissafi ba.

Kada a ɗauka zargi ne na fatar baki. A watan Agusta na 2022, hukumar kare masu ciniki ta gwamnatin Amurka, FTC, ta tuhumi Opendoor da yaudarar masu gidaje. Hukumar ta ce kamfanin yana nuna wa mutane lissafin da ke cewa za su fi samun kuɗi idan suka sayar masa, alhali yawancinsu asarar dubban dalolin Amurka suka yi. Kamfanin ya ce bai yarda da tuhumar ba, kuma maganar ta shafi shekarun 2017 zuwa 2019 ne, amma ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 62, sama da miliyar 30 ke nan na sefa. A 2024 aka raba kuɗin ga mutane fiye da dubu 54.

Akwai kuma masu tsohon yayi, masu kafa alluna a bakin hanya cewa suna sayen gida kome lalacewarsa. A 2023 ƴan jaridar ProPublica sun bi diddigin HomeVestors, ɗaya daga cikin manyansu, suka gano cewa wasu wakilansa suna farautar tsofaffi da marasa lafiya da waɗanda aka yi wa rasuwa. Wanda ya sa hannu ya dawo ya ce ya fasa, sai a shigar da takarda a kan gidan, ko a kai shi kotu, yadda ba zai iya sayar wa wani ba. Ƴan uwanmu da ke zaune a Niyok da Girinsboro, waɗanda wasunsu suka mallaki gidaje da guminsu, su ne na farko da ya kamata wannan labari ya isa kunnensu.

Su ma kamfanonin ba su sha da daɗi ba. A watan Nuwamba na 2021 Zillow ya rufe wannan reshe, ya sallami kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa, bayan kwamfutarsa ta sa ya sayi dubban gidaje da tsada. Asarar reshen a wannan shekara ta kai dalar Amurka miliyan 881. A 2022, da babban bankin Amurka ya ƙara kuɗin ruwa, cinikin gidaje ya ja baya, Redfin ya rufe nasa, Opendoor kuma ya yi asarar sama da miliyar 1 na dalar Amurka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga ɗan kasuwa. Gida ba buhun gero ba ne da za a ce tiya kaza, kuɗi kaza. Kowane gida da unguwarsa, da maƙwabtansa, da inda ruwa ke kwanciya da damina. Kuma ɗan sarin da ya taɓa faɗuwa ba ya ƙara tayi, ragewa yake yi domin ya kare kansa. Mai gida ne zai cike giɓin.

To me ya haɗa wannan da Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai? Intanet da kwamfuta ne kawai sabo a cikin lamarin, amma dabarar mun daɗe da saninta. Manomin da ya sayar da wake da kaka saboda bashi, shi ne ke komawa ya saye shi da tsada da bazara. Saboda haka ne tun ƙarshen shekarun 1990 aka shigo da tsarin warantaji a ƙasar nan, a ajiye hatsi a sito a karɓi rance, a jira farashi ya tashi. Idan an ga dacewar kare mai buhu goma daga gaggawa, ina ga mai gida ɗaya tilo?

Ƴan kasuwa sun san lokutan da hannu ke ɗaurewa: rufe iyakar Najeriya daga 2019 zuwa 2020, takunkumin CEDEAO daga 2023 zuwa 2024, gobarar kasuwa, ambaliyar 2024, ko rashin lafiya a cikin gida. A irin wannan lokaci ne mai jaka cike da kuɗi ke sallama a ƙofar gida, ya ce yau ko gobe, in ba haka ba ya fasa. Waɗanda abin ya fi shafa su ne mata da marayu, idan aka tashi sayar da gidan gado cikin sauri domin kowa ya karɓi nasa. Kason macen da mijinta ya rasu ya bar ƴaƴa tumuni ne, kashi ɗaya cikin takwas, kuma duk abin da aka karya daga farashi, har da nata ɗan rabon aka karya.

Shawararmu ga duk mai niyyar sayar da gida ita ce, kada ya tsaya a kan tayi ɗaya. Ya nemi uku, ya tambayi nawa aka sayar da gidajen unguwar a ƴan watannin nan, abin da aka biya, ba abin da aka sa suna ba. Ya sa a rubuta masa abin da zai shiga hannunsa bayan an cire kome, a kuma rubuta cewa ba za a sake ragi ba bayan an duba gini. Kada ya saki takardar filinsa ta ma'aikatar magajin gari ko titir fonsiye kafin kuɗi su cika. Ciniki mai nauyi irin wannan a gaban noter ya kamata a yi shi, da shaidu, idan kuma gado ne, da yardar kowane magaji a rubuce. Sannan ya tambayi kansa ko bukatar ta kai ta gida sukutum, ko sa ƴan haya, ko sayar da wani kaya, ko kwasar adashi zai iya kashe wutar.

Ga hukumomi kuwa, muna kira da a sauƙaƙa yin takardun mallaka, domin gidan da ba shi da cikakkiyar takarda shi ne ake karyarwa. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa su ma su ƙarfafa asusun taimakon juna, yadda wanda ya faɗi zai samu abin riƙewa na wata biyu ko uku.

Ku da kuke kasuwa kun fi kowa sanin cewa idan mai saye ya ga kana sauri, ya riga ya ga ribarsa. Wanda ya ce ba zai iya jiranka mako ɗaya ka yi shawara ba, a ce masa albarka. Jari idan ya karye akan sake tara shi, amma mutane da yawa sun sayar da gida ba su sake mallakar wani ba.