MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA KE YOYO: A BA KOWANE ƘAUYE MAJALISARSA

Ya ku 'yan'uwana talakawa, manoma da 'yan kasuwa na ƙasar Boɗinga da ta Shagari! Ina roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi wannan magana, domin ta shafi aljihun kowa.

Duk ran kasuwa, tun rana ba ta yi zafi ba, mai karɓar kuɗin rumfa ya riga ya zagaya. Mai albasa ya biya, mai gero ya biya, mai jar akuya ya biya a kara, mai amalanke ya biya, direba ya biya a tasha. Ba mai gardama, gama kowa ya sani gari ba ya zaunuwa sai da kuɗin aiki. To, amma ina tambaya. A cikinku wa ya taɓa ganin takardar da aka rubuta jimlar abin da kasuwarsu ta tara a shekara? Wa aka taɓa kira aka ce masa, ga kuɗinku, me kuke so a yi da shi, rijiya ko magudanar ruwa ko rumfuna? In akwai shi, ya zo ofishin jam'iyya ya gaya mini, ni kuwa in ba shi haƙuri a wannan shafi mako mai zuwa.

Bari mu fara da labarin ƙasa. Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23, an yanka su mazaɓu 244. Boɗinga tana kudu da birnin Sakkwato a kan babbar hanyar da ta bi ta Shagari da Tambuwal ta nufi Jega. Faɗinta murabba'in kilomita 564 ne, kuma ƙidayar 2006 ta sami mutum 175,406 a cikinta. Mazaɓunta 11, watau kansila 11 ke nan, su ne za su yi magana da bakin Sifawa, da Danchadi, da Dingyadi, da dukan ƙauyuka da rugagen da ke tsakani. Shagari ta fi ta faɗi sau biyu da ɗoriya, murabba'in kilomita 1,332, mutanenta 156,413 a waccan ƙidaya, kansilolinta 10 kacal, tun daga Kajiji har Dandin Mahe da Jaredi. In ka yi lissafi, kansila ɗaya yana ɗauke da mutum wajen 16,000, kuma wannan tun 2006 ne, yau jama'a ta ƙaru ƙwarai. Don Allah, wane mutum ne zai iya sanin rijiyar da ta rufta, da ajin da rufinsa ya yaye, da kwalbatin da ruwa ya cinye, a cikin ƙauyuka da yawa haka?

Ƙasa da kansila kuwa ba sauran wanda talaka ya zaɓa. Akwai uban ƙasa, akwai hakimi, wanda Kanawa ke ce wa dagaci, akwai mai unguwa. Dukansu naɗa su ake yi. A 2024 ma Majalisar Dokokin Jiha ta gyara doka, ta ce Majalisar Sarkin Musulmi ta ba da shawara, Gwamna ya naɗa. An yi ta muhawara a kan wa ya fi cancanta ya naɗa, fada ko gidan gwamnati, amma ban ji wanda ya tambayi mutumin ƙauye ra'ayinsa ba.

Yanzu ku biyo ni Faransa, in nuna muku wani ƙauye da ya yi kama da Shagari. Kowa ya sani Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, a garin Shagari aka haife shi a 1925, mahaifinsa kuwa Magajin garin ne, kuma can aka rufe shi a Disamba 2018. To, Faransawa ma suna da ƙauyen shugaba, sunansa Kolombe, a lardin Hot Marn da ke gabashin ƙasar, tsakanin gonaki da dazuzzuka. Janar Digol ya sayi gida a can a 1934, ya mutu a gidan ran 9 ga Nuwamba 1970, aka binne shi a maƙabartar ƙauyen. Mutanen Kolombe ba su kai 1,000 ba. Duk da haka suna da majalisarsu wadda suka zaɓa da ƙuri'arsu, da magajin garinsu, da ofishinsu, da baitulmalinsu.

Ba don darajar Digol aka yi musu haka ba, doka ce ta ƙasa duka. Irin wannan ƙaramar hukuma suna kiranta komin, kamar yadda 'yan'uwanmu na Nijar ke faɗi, kuma akwai kusan 35,000 a Faransa, ga mutum wajen miliyan 68. Kimanin rabinsu ba su kai mutum 500 ba. Dokarsu ta ce ƙauyen da bai kai mutum 100 ba ya zaɓi wakilai 7, daga 100 zuwa 499 wakilai 11, daga 500 zuwa 1,499 wakilai 15. Ana zaɓe duk bayan shekara 6, wakilan kuma su zaɓi magajin gari daga cikinsu. Ku duba da kyau: wakilai 11 da Boɗinga duka ke da su, su ne adadin da ƙauye mai mutum 300 ke da shi a can. Da a kan ma'auninsu za a yanka ƙasar Boɗinga, da an sami majalisa kusan 90 a cikinta.

Me wannan majalisa take yi? Ita ke da ginin makarantar firamare, da hanyoyin cikin gari, da maƙabarta, da wurin kasuwa. Magajin gari shi ke rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Kowace shekara majalisa tana zama ta yanke abin da za a tara da abin da za a kashe. Zamanta a buɗe yake, manomi yana iya shiga ya zauna ya saurara, kuma doka ta ba kowane mutum iko ya nemi a nuna masa takardar kasafi da ta lissafin abin da aka kashe. A samansu akwai wakilin gwamnati na lardi, kamar Razdan a zamanin Turawa, amma tun dokar 1982 ba shi da ikon soke shawarar ƙauye da kansa. In yana ganin an karya doka, sai ya kai ƙara kotu.

Kada wani ya ce ina yabon Faransawa. Mun san abin da suka yi a ƙetaren Illela. Sun bar zaɓe a gidansu, suka kawo wa Hausawan Nijar kumandan da sarkin kanto da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Lokacin da mutanen Yamai suka sami dama suka zaɓi Jibo Bakari magajin gari a 1956, ba a yi shekara 4 ba aka haramta jam'iyyarsa ta Sawaba a 1959. Nijar ba ta yi zaɓen komin a ƙasa duka ba sai a 2004, inda aka kafa 265, kuma a Afrilu 2024 sojoji suka rushe majalisun suka naɗa kantomomi. Ko a Faransa kanta ba kyauta aka ba talaka ba. An kafa komin a Disamba 1789 da juyin juya halinsu, Nafoliyon ya zo a 1800 ya mai da naɗin magajin gari hannun gwamnati, aka yi ta ja har 1882 kafin ikon zaɓensa ya tabbata a hannun wakilan gari, dokar 1884 ta ƙarfafa shi. Matansu ba su jefa ƙuri'a ba sai 1945. Abin da nake so mu koya shi ne, sun nace kusan shekara 100 har suka samu.

Mu ma nacinmu ya daɗe. Tun da aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano da abokansa suke kuka a kan En'e, suna cewa wanda ke biyan haraji da jangali shi ya kamata ya zaɓi mai riƙe da baitulmali. Gyaran 1976 ya kawar da En'e, ya kawo ƙananan hukumomi 301, yau sun zama 774. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 7, ya ce lalle majalisar ƙaramar hukuma ta zama zaɓaɓɓiya. Amma sashe na 162 ya sa kuɗinta ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma gwamnoni da yawa suka riƙa naɗa kantomomi maimakon zaɓe. Sai ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a biya ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa doka. Rabon nan ba ƙarami ba ne, kashi 20.6 cikin 100 ne na asusun tarayya. Zaɓen kansa kuwa kun gani da idonku. A 2021 jam'iyyar da ke mulkin jiha ta cinye kujerun shugabanni 23 duka. A 2024 wata jam'iyyar ce ke mulki, ita ma ta cinye 23 duka. Wanda ya san gwamna ne ya ɗora shi, gwamna zai riƙa duba, ba kai mai rumfa ba.

Ko da an gyara wannan duka, kuɗi ya iso Boɗinga da Shagari cif-cif, sauran tafiya tana nan, domin daga sakatariya zuwa ƙauye akwai nisa. Ku tuna Afrilu 2022, lokacin da kwale-kwale ya kife da mutanen Gidan Magana a ƙasar Shagari, mutum 29 suka rasu, da yawansu yara da matasa da suka fita neman itacen girki. Allah ya jiƙansu. Ban ɗora wa kowa alhakin ransu ba. Amma tsarin mulki ya lissafa ba da lasin kwale-kwale a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, tare da kasuwa da tasha da mahauta. Wa ya fi mutanen bakin ruwa sanin jirgin da ya tsufa, da yawan mutanen da yake iya ɗauka? Da suna da majalisa da 'yan kuɗi a hannunsu, da ikon su ce wa mai jirgi ya isa haka, ai su ne za su fara sa ido, gama 'ya'yansu ne a ciki.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ƙauye ba shi da kuɗi. Gaskiya ne, ko a Faransa ƙananan komin sun kasa ɗaukar manyan ayyuka su kaɗai, shi ya sa doka ta tilasta musu haɗa kai rukuni-rukuni don kwasar shara da makamantansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu ma ƙaramar hukuma ta riƙe manyan ayyuka, ƙauye ya riƙe rijiyarsa da rumfunansa. Za a ce talakawa ba su yi boko ba. To, manoman Faransa na 1789 yawancinsu ba su iya karatu ba, da yawa ma ba su jin Faransancin birni. Matar da ke riƙe adashin mutum 30 ba ta ɓatar da kwabo ba, da dillalin da ke tuna bashin kara duka a kansa, su ne za a ce ba su iya lissafin kuɗin rijiya ba? Ga kuma malamai masu ajami a kowane zaure. Za a ce kuma ana neman a raina sarauta. Sam. Hakimi ya riƙe rawaninsa da girmansa da sulhun da yake yi tsakanin jama'a, ya zauna a majalisar ma a matsayin uba. Jaka kawai muke so ta koma hannun waɗanda za mu iya cirewa in sun ci amana. Kuma kada a manta a ƙasar wa muke. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna har 1815, ƙanensa Malam Abdullahi yana nan Boɗinga, kuma a littafinsa Kitabul Farƙi Shehu ya lissafa karɓar dukiyar talakawa da 'yan kasuwa ba bisa haƙƙi ba a cikin halayen azzaluman sarakuna. Mai neman a yi masa lissafin kuɗinsa bai fita daga tafarkin magabata ba.

Saboda haka ga abin da muke nema. Na ɗaya, Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ta yi doka a kafa zaɓaɓɓiyar majalisa a ƙasar kowane hakimi, maza da mata su jefa ƙuri'a. Na biyu, a yanka wani kashi sananne daga kuɗin kowace kasuwa a bar shi a garin da aka tara shi. Na uku, kowane wata a manna takarda a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa, da boko da ajami, mai nuna abin da ya shigo daga Abuja, da abin da aka tara a gida, da inda ya tafi. Na huɗu, ranar zaman kansiloli a yi shela, a bar ƙofa a buɗe.

Kafin a yi dokar, akwai abin da ke hannunku tun ran kasuwa mai zuwa. Kada ka biya ko sisi sai an ba ka rasit mai hatimi. Ka adana shi. 'Yan layi ɗaya ku tara naku wuri guda, a ƙarshen wata ku haɗa jimla, ku zaɓi dattawa biyu su kai wa kansilanku cikin ladabi, su tambaye shi ko adadin ya yi daidai da abin da aka shigar a littafin ma'aji, su kuma tambaye shi ko rabon Abuja ya iso kamar yadda kotu ta ce. Wanda bai iya haɗa lissafin ba ya kawo mana ofis, za mu haɗa masa ba ko kwabo. Amsar da kansila ya bayar kuwa, ko mai daɗi ko marar daɗi, za mu buga ta a nan yadda ya faɗe ta.

Allah ya ba talaka sawaba, amin.

Daga Magatakardan Jam'iyya, Reshen Boɗinga.